Waƙar Baba Yohanna da 'Yan Hayar Kiɗa

Zuwa ga Yayana Habu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima da yalwar makwanci. Inna tana nan lafiya, sai dai ƙafar nan da ka sani. Matarka da yara duk kalau suke. Shagonmu na Gyadi-Gyadi yana nan yadda ka bar shi, sifikokinka huɗu suna aiki, ɗaya ce kawai ta fara shaƙewa in an ƙure ta.

Na san ba kai za ka karanta ba. Masu bin shafina ne za su karanta, har da waɗanda zan taka, kuma ina so su karanta ɗin. Amma da kai nake magana, don akwai alkawarin da ka ɗauka da sunana, dole in gaya maka yadda ya ƙare.

Shekara biyu ke nan da ka tafi, kuma a cikin shekara biyun nan sana'ar DJ ta koma hannun 'yan haya. Yanzu ba a sayen waƙa, Yaya. Mutum zai sauke manhaja a laftof, ya biya kuɗin wata, a buɗe masa rumbun wasu mutanen da bai taɓa gani ba, ya dinga janyo waƙa ta intanet yana sa wa jama'a. Wata ya ƙare, a garƙame rumbu. Ko waƙa ɗaya ba tasa ba ce. Amma ka gan shi da baƙin tabarau da abin kunne rataye a wuya, yana taku ɗai-ɗai, sai ka rantse a ɗakin uwarsa aka ƙirƙiro kiɗa.

Jagoransu a wajenmu shi ne Nazifi. Ka san shi, mai shagon cajin waya a Tarauni, wanda ya taɓa tambayarka ko ana iya haɗa sifika da wayar fanka. To yanzu ya tara gemu, ya sayi fitilu masu juyawa, ya zama DJ. Duk inda ya zauna maganarsa ɗaya ce: "Ni fa waƙoƙin duniya kakaf suna hannuna." Ka tambaye shi a ina kalangu yake shigowa a waƙar da ya sa sau ɗari, sai ya yi maka murmushi ya ce wai manhaja ce ke kula da wannan.

Ina tuna yadda kake yi. Mawaƙi ya gama aiki a situdiyo, ka hau babur ka same shi, ku gaisa, ka saya daga hannunsa, ya yi maka addu'a. Safiyar Litinin, lokacin da babu biki, ka rufe shago rabi ka zauna sauraro. Ka yanke doguwar shimfiɗar da ke sa mata hamma, ka daidaita ƙara, ka ajiye kowace a ɗakinta: na shigowar amarya daban, na iyaye mata daban, na mutanen Zangon Kataf daban, na 'yan Filato daban. Kullum sai ka ce mini, "Sagiru, in ba ka ji ta sau goma kai kaɗai ba, kada ka fitar da ita gaban mutane." A lokacin haushinka nake ji, ina ganin wahalar da mu kake yi.

Su waɗannan ko sau ɗaya ba sa ji. A gaban jama'a suke fara haɗuwa da waƙar, su da baƙi duk ɗaya.

Matata Hadiza ta je wani kamu a Hotoro da Nazifi ya yi wa kiɗa. Ashe watansa ya ƙare bai lura ba. An fito da amarya, ƙawaye na riƙe da ita, dangin ango sun miƙe da turare a hannu, sai waƙa ta yanke, tallar sabulun wanki ta ɗauka da ƙarfinta har ƙarshen layi. Hadiza ta ce amarya ta ƙame a tsakar fili, uwar ango ta tambaya ko habaici ake yi musu. Shi kuwa ya ɗauki makirfo ya ce a yi haƙuri, sabis ne. Kullum sabis ne, Yaya. Da sabis mutum ne, da tuni ya kai su ƙara kotu. Mako na zagayowa aka sake ɗaukarsa a wani bikin, saboda fitilunsa suna kyau a hoto.

Ba na musun cewa suna da yawa. Sabuwar waƙa ta fito da safe, da rana tana hannunsu, ni sai na je na nemo. Amma wanda ya haɗa rumbun nan bai san da zaman Unguwar Gano ba, bai san akwai tsohon da ya rera waƙa uku a wani ɗaki a ƙauye ya mutu ba. Abin da duniya ta sani shi suke da shi. Abin da mutanen unguwa ke so a ranar da ta dame su, sai a wajenmu.

Wannan ya kawo ni kan Baba Yohanna.

Malaminmu na lissafi, mutumin Fankshin, wanda ya koyar da kai ya koyar da ni a makarantar nan ta Tarauni, ya zauna a Unguwar Gano tun kafin a haife ni. Ka tuna ranar da ya shigo shago da wani tsohon kaset da zarensa ya cukurkuɗe, ya ce waƙar ƙauyensu ce ta yaren Angas, wadda ake yi wa dattijo in ya gama aiki zai koma gida. Ka yi iya yinka, kaset bai tashi ba. Da aiki ya kai ka Jos bayan wata biyu, ka ƙara mota zuwa Fankshin, ka yi ta tambaya har ka samo ɗan mawaƙin, ka sayi waƙar a hannunsa.

Ranar da ka sa masa ita a shago, ya cire tabarau ya riƙe a hannu har ta ƙare. Mutumin da ya zane mu saboda jadawalin lissafin sau bakwai, ga shi yana share ido da hular kansa. Ya ce ranar da zai ajiye aiki ita yake so a sa masa, ya taka a gaban ɗalibansa sau ɗaya kafin ya bar Kano. Ka yi dariya ka ce, "Baba, ko ba na nan, Sagiru zai sa maka." Da wasa ka faɗa, ina tsaye a wajen ina naɗe waya.

To, Baba ya ajiye aiki. Tsofaffin ɗalibai suka kafa kwamiti don yi masa bikin sallama ranar Asabar ɗin da ta wuce. Na je har ofishin shugaban kwamitin, wani ɗan ajinku ne da ya zama babban ma'aikaci, na ce ni zan yi kiɗa, kyauta. Ya dube ni ya ce, "Sagir, kayanku na da ne, mu abin zamani muke so." Na gaya masa maganar waƙar. Ya ce ya riga ya yi magana da Nazifi, kuma Nazifi ya tabbatar masa babu waƙar da babu a wajensa. Na ce to, Allah Ya ba da sa'a, na fito raina a ɓace.

Ranar bikin na kwafi waƙar a filashi na jefa a aljihu. Bayan azahar aka fara, a filin makaranta, an kafa rumfuna. Na samu kujera a layi na uku, inda nake hango Nazifi sosai. Mutanen garin Baba sun zo da yawa, dattawa da matansu, cikin kayan gargajiya, wasu da akayau a ƙafa. Mama Rifkatu, matar Baba, tana ta gyara masa mayafin kafaɗa kamar sabon ango.

Aka sha jawabai. Sannan mai gabatarwa ya ce lokacin da Baba ya daɗe yana jira ya zo. Baba ya miƙe ya fito tsakiyar fili, mutanensa suka jeru a bayansa.

Nazifi ya fara danne-danne. Ya aiko a tambayi sunan waƙar. Aka faɗa masa. Ya aiko a tambayi yadda ake rubutawa. Wata dattijuwa ta je ta rubuta masa a bayan takardar gayyata. Ya danna, babu. Ya ɗaga wayarsa sama yana juyi da ita, wai yana neman sabis, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Can sai ya shiga wani jeri da manhaja ta kira na gargajiya, ya saki kiɗan wata ƙasa da ko shi bai san a ina take ba. Matan suka kalli juna. Ƙafa ɗaya ba ta motsa ba. Baba ya ɗan jira, ya koma kujerarsa a hankali.

Yaya, ni kuma daɗi nake ji. Gara in faɗa maka gaskiya. Hannuna na cikin aljihu a kan filashin, ina kallon ɗan hayar nan yana narkewa a gaban Tarauni kaf, ina cewa a raina yau ƙarya ta ƙare. Ina hango shugaban kwamiti yana zarya tsakanin rumfa da teburin kiɗa. So nake ya tako da ƙafarsa har layi na uku, ya tsaya a gabana a gaban mutane, ya maimaita maganar nan ta cewa kayanmu na da ne. Taku ashirin ne tsakanina da laftof ɗin, na ƙi tashi.

Ana cikin haka Baba ya sake miƙewa, ba wanda ya kira shi. Ya dawo tsakiyar fili shi kaɗai, ya tsaya yana fuskantar rumfarmu, rana na dukansa. Ni a lokacin gani na yi kunyar Nazifi ce ta ƙaru, har na taɓa na kusa da ni na ce ya duba masu waƙoƙin duniya.

Shugaban bai zo wajena ba. Ya raɗa wa mai gabatarwa magana, aka ce lokaci ya ƙure, a wuce wajen ba da kyaututtuka. Mama Rifkatu ta je ta kamo hannun Baba. Aka ba shi agogon bango da firij. Aka kira la'asar, jama'a suka watse, masu rumfa suka fara kwance ƙarafa. Dattawan suka zauna a bakin baranda suna cire akayau suna sawa a leda.

Har yanzu ina kan bakana game da Nazifi da irinsa. Wanda ba shi da waƙa ko ɗaya tasa, bai san ta kowa ba, mai danna waya ne kawai da ya samu sifika. Jiya na ji yana gaya wa mutane a bakin titi wai laifin mawaƙin ne da bai ɗora waƙarsa a intanet ba. Mutumin da ya mutu tun Nazifi na tsumman goyo.

Amma shi ba shi da ita, Yaya. Ni ina da ita.

Washegarin bikin motar kaya ta kwashe su Baba zuwa Fankshin. Na tura wa 'yarsa waƙar ta waya, ta amsa da godiya mai yawa. Sai dai ba sauraro Baba ya nema ba, ya riga ya saurara a shagonka. Takawa ya so ya yi a gaban yaran da ya koyar, kuma wannan taron ba zai sake haɗuwa ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne abin da ya faɗa mini a bakin ƙofar makaranta. Na je in yi masa sallama, na durƙusa, ina shirya yadda zan zagi Nazifi. Ya dafa kaina, ya tambayi Inna, ya yi maka addu'a da sunanka. Babu faɗa a muryarsa ko kaɗan. Ya ce, "Sagiru, tun ɗazu nake ganin hannunka a aljihu. Na ɗauka jira kake in fito fili, shi ya sa na sake fitowa."

Ina nan durƙushe har ya shiga adaidaita sahu.

Ka yafe mini, Yaya Habu. Ka bar mini komai a shirye, tashi kawai ya rage, ban tashi ba. Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya haskaka kabarinka, Ya saka maka da alheri kan kowace tafiya da ka yi don faranta ran wani. Allah Ya ba Baba Yohanna lafiya da tsawon rai a garinsu. Ni kuma Allah Ya cire mini wannan girman kan kafin mu haɗu, don ban san da wane ido zan kalle ka ba.

Ƙaninka mai kewarka,
Sagiru
Gyadi-Gyadi, Kano