Sunan Baba a Kan Ƙashin Dodo

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali, ya jikin Hajiya? Mu nan garin Dangamaji lafiya lau, sai zulumi guda.

Ƙasusuwan da muka tono wurin haƙar rijiyar albasa, masana sun gwada su da wasu, sun ce dainoso ce, dabbar zamanin da, irin da ba a taɓa gani ba. Za su raɗa mata sunan marigayi Baba, tunda gonarsa ce. Na ce, "Da rago?" Suka ce babu, kuma in an rubuta ba a gogewa.

Yaya, Baba fa limami guda! Tuni a kasuwar Jega ake kirana ƙanen dodo, Inna kuwa sai kuka. Kai ne babba, aiko da amsa kafin su rubuta.

Gaida kowa. A yi mana addu'a, kada mu sami ɗan'uwa mai wutsiya.

Ƙanenka,
Bello