Bidiyon da Babu Fuskar Baba

Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya iyali? Mu nan Zuru lafiya lau.

Ka ce a ɗauko maka Baba a bidiyo ranar godiyar girbi. Na sa 'yata Rahila, tunda aikin talabijin take karantawa. Yarinyar nan ta hau dutse ta ɗauko mu kamar tururuwa, wai haka ake buɗe wasan kwaikwayo. Sannan ta matso ta cika hoton da hannuwan Baba, wai su ke nuna wahalarsa. Na ce ina fuskar? Ta ce ban iya kallo ba. Ni da na haife ta.

A sa mu a addu'a, a gaida yara. In fuskar Baba kake so, ka zo gida.

Ƙanwarka,
Saratu