Rasuwar Baba Tsoma-Ƙafa: Ba Murar Tsuntsaye Ba Ce

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta samu labarin rasuwar uban ƙungiya, dattijon arziki, tsohon malamin dabbobi, wanda babba da yaro suka sani da Baba Tsoma-Ƙafa, bayan ya yi kwana uku yana fama da zazzaɓi da tari.

Shekara talatin da ɗaya marigayin ya yi yana zaga gonakinmu, yana goga auduga a maƙogwaron kaji yana aikawa ɗakin gwaji. Shi ya ganar da mu cewa ƙwayar cutar mura iri-iri ce, tana sauya kama shekara bayan shekara, kuma ta tsuntsaye kan bi kashin kaji ta manne a takalmi, har mutum ya kai wa maƙwabcinsa ita da ƙafarsa. Don haka ya kafa mana dokar ajiye daron ruwan magani a bakin kowane ɗakin kaji, ko shugaban ƙungiya ne ya zo da sabon takalmi, sai ya tsoma. Mun yi gunaguni, mun laƙaba masa suna, kajinmu kuwa suka rayu.

Abin da ya ƙara mana zafi shi ne ji-ta-ji-tar cewa murar tsuntsaye ce ajalinsa. Kwana goma ke nan mai ɗakinsa Hajiya da 'ya'ya da jikoki suna killace a gida, maƙwabta na canza hanya, gaisuwa sai ta waya. Da kunya muke faɗa, mu ma ba mu taka gidan ba.

Alhamdu lillahi, sakamakon gwaji ya fito da safiyar yau: babu wannan ƙwaya a jikin marigayin, babu a iyalinsa, babu a kajin gidan. Likitoci sun tabbatar cewa murar da aka saba da ita ce ta tayar masa da tsohon ciwon zuciya. Wallahi sai yau muka yi ajiyar zuciya.

Muna roƙon Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba mai ɗakinsa Hajiya, da babban ɗansa Injiniya, da sauran iyali haƙuri da juriyar wannan babban rashi.

Ƙofar gidan a buɗe take, a je a yi gaisuwa, kowa ya zauna ya daɗe. Hajiya ta ce a sanar cewa daron Baba yana nan a bakin ƙofa, ta zuba sabon ruwa. A tsoma ƙafa, a shiga.

Sa hannu:
Malam Na-Kaji,
Kakakin Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji