Na Yi Wa Teloli Manhaja Kyauta, Zagi Ne Tukuicina

Anti, ki taimake ni da shawara kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani, domin tura ta kai bango.

Ina aiki a sashen kwamfuta na wani kamfani, ina da miji da 'ya'ya biyu. Mahaifiyata tela ce. Na tashi na ga littafinta na awo, wanda bangonsa ya yi baƙi saboda man keke. Shekara huɗu da suka wuce rufin shagonta ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa littafin, awon mutane na shekara da shekaru ya koma tabon tawada. Na tarar da Umma tana raba shafukan da bakin almakashi tana share hawaye. Shi ya sa na haɗa mata 'yar manhaja a waya, inda za ta rubuta sunan mai kaya, kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu da ranar karɓa. Maƙwabtanta suka gani suka ce suna so, sai na sake ta kyauta ga kowa. Babu talla, ba na karɓar ko sisi.

Yau teloli sama da dubu tara ke amfani da ita. Kin san saƙon godiya nawa na samu a shekara huɗu? Shida. Ɗaya ma kuskure ne, wani ne yake gode wa mai sayar masa da zare.

Amma ƙorafi, sai ka ce albashi suke biyana. Wannan ya ce rubutun ya yi ƙanana, na ƙara girma, wancan ya ce yanzu ya cika waya. Wani ya ba manhajar makin tauraro ɗaya cikin biyar saboda wayarsa ta faɗa cikin bokitin wanki. Wani kuma abin da ya rubuto kawai shi ne ba ta aiki. Me ya ƙi aiki, a wace waya, oho. Na tambaye shi sau uku, har yau shiru. Ita kanta Umma, da na yi abin dominta, in na je gaishe ta kafin ta tambayi jikokinta sai ta miƙo min waya ta ce launin bai yi mata ba.

Duk Asabar a teburin cin abinci nake yini ina gyare-gyare, yara suna jan zanina in kai su gidan kakarsu. Mu biyu ne da, ni da wata abokiyar karatuna. Bara ta ce ita ba za ta iya wankin hular da ba ranar shanya ba, ta zame.

Ga abin da ya ƙure ni. Watan jiya na sabunta manhajar, ashe na yi kuskure, a wasu wayoyi tsawon hannu da faɗin kafaɗa suka musanya. Wani tela ya dogara da abin da ya gani, ya yanka yadin rigar amarya, hannun ya fito guntu. Ya aiko min saƙon murya na minti bakwai. Babu irin sunan da bai kira ni ba, har iyayena bai bari ba, ya ce 'yan koyo irina ne ke kashe wa mutane sana'a. Ban musa ba, laifina ne. Na ɗauki hutun kwana biyu a ofis, na gyara, na ba shi haƙuri a rubuce. Ya karanta, ya wuce abinsa. Kuma ina gani har yau yana amfani da ita.

Maigidana ya ce in rufe ta in huta, wai wanda bai san darajar kyauta ba ya je ya sayi littafi da biro. Na ma rubuta sanarwar rufewa, saura in tura. Sai dai in na tuna akwai mata irin Umma da awon duk masu kawo musu ɗinki ke ciki, sai in fasa turawa. Anti, son yabo ne ya yi min yawa, ko kuwa mutane ne ba su da ta-ido? In rufe ko in ci gaba?

Daga 'yar tela da ta gaji

*

Ƙanwata,

Ba son yabo ba ne. Yaba kyauta tukuici ne, kuma wanda ya yi shekara huɗu yana sadaukar da Asabar ɗinsa bai yi zari ba don ya so a ce masa sannu. Telan nan kuma bai kyauta ba. Asarar yadi ba ta halatta zagin iyayen kowa.

Amma ki tsaya a shagonsa na minti ɗaya. Yadin ba nasa ba ne, biki ya matso, dangin amarya suna tsaye a kansa. Fushin kaza ne ya huce a kan dami. Ki kuma lura, in kin tace zagin kin zubar, abin da ya rage shi ne ya nuna miki kuskuren da wataƙila da ya lalata ɗinkin mutum ɗari kafin ki farga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shirun sauran dubban kuwa ba raini ba ne. Da yawansu ba su san mace ɗaya ce ke riƙe da abin a teburin cin abincinta ba, sun ɗauka wani katafaren kamfani ne da ba ya buƙatar sannu. Kin taɓa gaya musu?

Don haka kada ki tura sanarwar nan cikin fushi. Ki rubuta wata a madadinta, wadda kowa zai gani da ya buɗe manhajar. Ki ce ke kaɗai ce, kyauta kike yi, Asabar biyu a wata za ki riƙa duba saƙonni, kuma mai ƙorafi ya faɗi irin wayarsa da abin da ya taɓa kafin matsalar ta auku. Saƙon zagi ki goge tun daga kalmar farko, ba dole ne ki saurari minti bakwai ba. Ki nemi teloli biyar su riƙa gwada duk sabon gyara kafin ki sake shi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Za ki yi mamakin masu amsawa.

Ki gwada haka wata uku. In har yanzu abin yana cin lafiyarki da haƙƙin yaranki, kina da 'yancin ajiyewa, maigidanki bai faɗi ƙarya ba. Sai dai ki ba mutane wa'adi da hanyar kwashe awonsu, ko ki miƙa aikin ga wani mai iyawa. Kada mai laifi ɗaya ya ja wa marasa laifi.

Ku kuma masu karatu, ban cire kaina ba. Da na gama karanta wasiƙar nan na duba wayata, na sami manhajoji uku na kyauta da nake mora kullum, ban taɓa ce wa masu su komai ba. Na ji kunya, na rubuta musu. Layi biyu ya isa: abin da ya amfane ka, da abin da kake ganin a gyara, cikin ladabi. Kada sai ranar da abu ya lalace a ji muryarka.

Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Allah Ya saka miki da alheri, Ya sanyaya zuciyarki, Ya haɗa ki da mataimaka na gari.

Antinku