Yatsan da Ya Ji Zafin Shayi

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani,

Saƙon yayanki ya iso ni: wai mai mataccen hannu ba ya riƙe gida, in haƙura da aurenki. Ban zage shi ba. Ƙanwarsa yake karewa. Da ni ne shi, wataƙila abin da zan faɗa ke nan. Amma wallahi maganar ta fi zarton injin da ya tsinke mini jijiya kaifi! Masu kamfanin katakon da nake wa aiki ma ba zan ci haƙƙinsu ba: sun kai ni asibiti mai kyau, sannan suka tsayar da wani a bencina tun jinina bai bushe a kai ba.

Kin tuna ranar da ruwa ya tare mu a barandar shagon ɗinkinki, kika zana harafi a tafin hannuna da yatsa, kika sa in canka ido rufe? Wannan tafin ne yau ake soka wa allura, ina kallo kamar na wani. Wayyo, farin watana!

Likitar da ke gwada ni da ɗan lantarki ta yi mini bayani. Jijiya kamar dogon jerin ƙofofi ce a rufe, ruwan gishiri ya taru a waje. Ɗan taɓi ba ya buɗe su. Sai bugun ya kai wani mizani, ƙofar farko ta wangale, gishiri ya kwararo ciki, ta tashi maƙwabciyarta, ita ma ta tashi ta gaba, har saƙo ya isa ƙwaƙwalwa. Babu rabin saƙo: ko ya tashi dungurungum, ko shiru. To ni ma ban iya rabin so ba.

Jiya kofin shayi ya ƙona mini manuniyar mataccen hannun, na kuwa ji zafin. Na kurma ihu, kofin ya fashe, na zauna ina dariya da hawaye, har abokin ɗakina ya ɗauka na zare. Wa ya taɓa murnar ƙuna in ba ni ba? Yatsa ɗaya ne, ba zan ruɗe ki ba, likita ba ta yi alkawarin sauran ba. Amma kullum ina matsa ƙwallon roba don motsa hannun har gumi ya karyo, na gaji da garin nan da nake jinya da sanyinsa, ban gaji da wannan ba.

Ki gaya wa yaya, cikin ladabi, ba daga bakinsa zan ji hukuncina ba. In ke kika ce in tafi, zan tafi ba ƙorafi. In kika yi shiru, ina nan zuwa, in tsaya a ƙofar gidanku har ki fito.

Ki yafe karkatar rubutun, hagu ce ta yi.

Naki har numfashi ya ƙare, da hannu ko babu,
Kafintanki.