Kada a zubar da yashin tukunya

Yaya Mato,

Na tafi Tanut neman hannun taimako wurin sarki. Kana barci, ban tashe ka ba.

Farar da nake kiwo cikin tsohuwar tukunya, jiya Inna ta soye ta kaf, har da ajiye mini rabona. Na ɗaga mata murya gaban mutane. Ka ba ta haƙuri, ni kunya ta hana ni.

Amma farar ta riga ta zuba ƙwai cikin yashin tukunyar. Kada kowa ya zubar da shi, kada a ɗaga faifan da na rufe ta da shi. A tudun bayan gonarmu na kamo ta ranar da ta sauka, can ma ta zuba. In ka ga yashin yana motsi, to na tudu ma sun ƙyanƙyashe. Kada ka jira ni, ka tara mutane a haƙa rami tsakaninsu da gero, su faɗa ciki tun ba su yi fiffike ba.

Na san za a ce sai abin da Allah ya yi. Shi ya ba mu hannu da galma!

Na tukunya faifai ya rufe su, Yaya. Na tudu babu abin da ya rufe su.

Ƙanenka,
Idrisa