Sun Cire Ɗanka Daga Cikin Sha Biyun

Yaya Mamman,

Sallama a gare ka, da fatan Allah Ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ajamina bai taɓa karantuwa gare ka ba. Amma dai zan rubuta.

Maganar nan ce dai, wadda ka sani. Ranar kasuwar Hunkuyi wani mutum mai farin takalmi ya ga ɗanka yana sauke buhun tattasai daga mota ba tare da ya taka komai ba. Ya biyo shi gida, ya auna shi da igiya kamar katako, kai kuma ka ba shi shi ya tafi Kaduna wasan ƙwallon kwando. Ba ka tambaye ni ba. Na san ɗan fari ne, ba ni da baki a kansa, ko sunansa ban taɓa kama ba. Amma ni ƙaninka na haife shi, Yaya. Ko shawara ba za a yi da ni ba?

Labarin gida: rake ya yi kyau a Kudan bana. Katangar bayan ɗakinka ta zube, ban gyara ba. Ƙafata tana nan yadda ka bar ta. Ɗanka kuma ya dawo tun kafin damina. Sun cire shi daga ƙungiyar.

Daga bakin mutane na tsinci yadda abin yake, a shagon masu cajin waya. Wai ƙungiyar mutum goma sha biyu take ɗauka, biyar ke shiga fili, kuma duk shekara sai a sake zaɓe. Wai yanzu kocin gajeru yake so, masu gudu, masu jefawa daga nesa. Dogo ɗaya ya ishe su a gindin kwando, sun kuma samo wani daga ƙetare wanda bai kai shi shekaru ba. To da tsawon suka zo nema, ko ba haka ba? Tsawon ya ragu ne? Wasu kuma sun ce gwiwarsa ce. Ban san wanne ne gaskiya ba. Babu wanda ya tako ya gaya mini.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Shekarar da na ce maka zan je Zariya neman taki, Kaduna na wuce. Na shiga ɗakin wasansu, na tsaya can baya, kusa da ƙofa. Na ga ya miƙa hannu ya tare ƙwallo a sama, ɗakin duka ya ɗauki sunansa, sunan mahaifinmu. Ni kaɗai ne ban faɗa ba. Na fito kafin a tashi, don kada ya gan ni.

Yanzu yana ɗakinka. Ba ya zuwa gona, ƙotar fartanya ta yi masa gajarta, hannunsa ma ya manta. Da safe ya sunkuyo ta ƙofar zaure ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango. Shi ke nan maganarmu. Ba na jin haushi, ba na jin komai. Ina dai jin ƙarar gwiwar idan zai miƙe.

Jiya na ga jakarsa a ɗaure. Ƙanwarsa ta ce ranar Asabar zai tafi Fatakwal, wata ƙungiya za ta gwada shi tare da yara. Da gwiwar nan. Da kana nan, da na zo na zauna a tabarmarka na yi gunaguni, kai ka kira shi ka tambaye shi, ka dawo ka gaya mini. Haka muka saba. Ka tafi ba ka bar mini wanda zai yi wannan ba.

To ni yanzu in yi yaya? In buɗe baki bayan tsufa in kira shi da sunansa? In na ce ya zauna, ya zauna ya yi me? Kai ka ba da shi. Mai farin takalmi ba zai amsa mini ba, ɗanka kuma ba zan iya tambayarsa ba. Saura kai. Asabar jibi ce, Yaya. Ka amsa mini.

Allah Ya kai haske kabarinka.

Ƙaninka da ka bari a zaure,
Idi